Bawul ɗin da ake cirewa a birkin baya na motocin lodi

Duk wanda ya saba zama a garejin masu gyaran a-kori-kura ya san wannan ƙorafi. Direba zai shigo da tsohuwar Hilux ko Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, ya ce wa bakanike: "Oga, birkin nan gaba kawai yake kamawa. In na ɗora kaya sai in taka har ƙasa motar tana ta tafiyarta." Oga ya shiga ƙarƙashin mota, ya ƙwanƙwasa wani dunƙulen ƙarfe da ke ɗaure a jikin shasi dab da aksil ɗin baya, ya fito yana goge hannu ya ce: "Wannan bawul ɗin ne ke tsare maka man birki. A cire shi a haɗa fayif kai tsaye, ka huta." Kafin la'asar an gama aiki. A fito da mota bakin titi a gwada, a danna birki, tayoyin baya su yi ƙara su ja baƙin layi a kan kwalta, kowa ya gamsu cewa birki ya dawo.

Ni wannan baƙin layin ne ke tayar min da hankali. Tayar da ta ja layi taya ce da ta daina juyawa alhali mota tana tafiya, kuma waɗanda suka ƙera motar sun sa bawul ɗin nan ne musamman domin kada tayar baya ta riga ta gaba yin haka. Duk da haka ba zan ce direba da bakanike ba su san abin da suke faɗa ba. Ƙorafinsu gaskiya ne, birkin baya na motocinmu da yawa ba ya aiki yadda ya kamata. Wurin gano dalili ne ake yin kuskure, har a ƙare da gyaran gangar Auzinawa.

A fara da abin da kowane fasinja ya sani a jikinsa. Da an taka birki mutum gaba yake yi, hancin mota ya duƙa, bayanta ya ɗaga. Nauyi ne ke barin tayoyin baya yana komawa kan na gaba. Ita kuwa taya, gwargwadon nauyin da ke danne ta gwargwadon yadda za ta iya riƙe ƙasa. Mu ƙaddara a-kori-kura ce mai nauyin kilo 1,800 ba kaya, 1,050 a gaba inda inji yake, 750 a baya. Idan aka taka birki da ƙarfi a kan busasshiyar kwalta, kusan kilo 280 zai iya tashi daga baya ya koma gaba, sai ya zama abin da ya rage a kan tayoyin baya bai kai kilo 500 ba. Yanzu a ɗora mata buhu goma na masara, tan guda ke nan, wanda galibinsa kan aksil ɗin baya zai zauna. A taka birki irin na farko, nauyin da zai rage a baya ya haura kilo 1,000. Ya ninka, har da ɗoriya. Matsin man da ya yi wa tayoyin baya daidai da lodi ya yi musu yawa ƙwarai idan motar fanko ce.

Ke nan a-kori-kura mota biyu ce a jiki ɗaya: wadda ta tafi kasuwa da kaya, da wadda ta dawo gida wayam. Ƙaramar mota ta shiga ba ta da wannan tazara mai faɗi tsakanin cika da fanko, shi ya sa bawul mai sauƙi wanda ba ya canzawa yakan ishe ta. Motar lodi tana bukatar abin da zai gane wace ce daga cikin biyun take kan hanya a wannan lokaci.

Me ya sa aka fi tsoron tayar baya ta ƙulle fiye da ta gaba? Duk yaron da ya taɓa danne birkin baya na keke a kan yashi ya san amsar: bayan keken ne ke zagayowa. Taya muddin tana juyawa tana da alkibla, tana bin inda ta dosa tana ƙin zamewa gefe. Da ta ƙulle ta zama guntun roba kawai da ake ja a ƙasa, gaba da gefe duk ɗaya ne a wurinta. Idan na gaba suka ƙulle sitiyari ya daina aiki, mota ta miƙe sak inda ta nufa. Abu ne mai muni, amma da direba ya sassauta ƙafa sitiyari zai dawo hannunsa. Idan kuwa na baya suka ƙulle alhali na gaba suna riƙe da ƙasa, ɗan karkata kaɗan ya isa, ko gangaren gefen titi, ko ɗan murɗa sitiyari don kauce wa rami. Bayan motar zai fara zagayowa, kuma kowane taku na zagayowar yana ƙara wa na gaba ƙarfi. Motar da ke gudun kilomita 80 a sa'a tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Kafin direba ya gane abin da ke faruwa motar ta ba hanya gefenta, a-kori-kura kuma doguwa ce a tsaye, ga ta da saurin kifewa idan tayarta ta ci karo da gefen kwalta tana gicciye. Saboda haka ne ƙa'idar birki ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 13, wadda Turai da ƙasashe da dama suke bi, ta shimfiɗa cewa a motar da ba ta da na'urar hana ƙullewar taya, a tsara rabon birki yadda gaba zai riga baya kaiwa iyaka, da lodi ko ba lodi.

Bawul ɗin da ake magana a kai shi ke cika wannan sharaɗi. A littattafan gyara na Toyota ana kiransa LSPV, wato bawul mai raba matsin mai gwargwadon lodi. Jikinsa yana ɗaure a shasi, sai wata doguwar sandar ƙarfe mai lanƙwasuwa da ta tashi daga gare shi ta je ta kama aksil ɗin baya. Idan aka taka birki a hankali ba ya tsare komai, matsin da ya fito daga masta, wato silindar da fedar birki ke dannawa ta tura mai, haka yake isa tayoyin baya. Sai matsin ya kai wani mizani sannan wani ɗan fistan a cikinsa ya fara rufewa da buɗewa, ya zama duk abin da ƙafar direba ta ƙara, kaso kaɗan ne yake wucewa baya. Sandar nan ita ce ke ɗaga mizanin ko ta sauke shi. Mota ta sha kaya, bodi ya sauko kusa da aksil, sanda ta danna fistan, baya ya samu birki mai ƙarfi. An sauke kaya, bodi ya tashi, sanda ta saki, birkin baya ya ragu. Babu waya, babu kwamfuta. Tazarar da ke tsakanin bodi da aksil kaɗai yake karantawa.

A nan ne raunin nasa yake, kuma a nan ne ƙorafin direbobinmu ya samo asali. Bawul ɗin ba ya auna nauyi, duƙawar sifirin yake aunawa. To wace a-kori-kura ce ta haya a ƙasar Hausa ba a ƙara mata sifirin ba? Mai mota yana saya, kafin ta fara jigila tsakanin ƙauye da Dawanau an kai ta wajen mai sifirin an cusa mata ganye biyu ko uku, wani lokaci ma na babbar mota ake yankowa. Bodi ya ɗaga sama da yadda kamfani ya bar shi, sifirin kuma ya yi tauri. Yanzu ko an ɗora tan guda motar ba ta duƙa ba balle sanda ta danna fistan. A wurin bawul ɗin motar nan fanko ce, don haka sai ya ci gaba da tsare wa baya mai. Gaba ne kaɗai ke ɗauke da aikin tsayar da mota da kayanta, fad ɗin gaba ya riƙa cinyewa duk bayan 'yan makonni, lainin baya kuwa a buɗe a same shi kamar jiya aka sa. Direban da ya ce birkinsa ba ya kamawa da lodi bai yi ƙarya ba.

Wannan hali yana da nasa haɗarin, kuma ba ƙarami ba ne. Aikin birki shi ne mai da gudun mota ya zama zafi. Idan tayoyi biyu ne ke shan zafin da aka tanadar wa huɗu, a doguwar gangara irin ta Hawan Kibo fad zai yi zafin da zai daina kamawa, man birki kuma yana iya tafasa. Man birki mai lambar DOT 3 sabo ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 205 a ma'aunin Celsius, DOT 4 kuma 230, amma mai ne mai shan danshin iska, kuma idan ya tsufa ya sha ruwa ma'aunin yakan sauko zuwa wajen 140 da 155. Da ya tafasa tururi ya shiga fayif, feda ta tafi ƙasa babu komai a ƙarƙashinta. Don haka barin bawul ɗin yana karanta ƙarya ba mafita ba ce.

Akwai kuma sauran dalilan da ba su kai wannan zurfi ba. Laka da tsatsa suna daskarar da mahaɗin sandar. Sandar takan lanƙwashe ko ta tsinke a hanyar burji. Robar cikin bawul ɗin takan mutu ya fara yoyo. Sannan a jikinsa akwai nasa nonon fitar da iska, wanda yara a gareji sukan manta da shi, su fitar da iska a tayoyi huɗu su bar ta a bawul, feda ta yi ta laushi a rasa dalili. Sau da yawa ma bawul ɗin lafiyarsa ƙalau, lainin baya ne ya yi nisa da duram ba a matso da shi ba.

Abin da cirewa ke yi shi ne ta tsayar da birki a matsayin cikakken lodi har abada, ko ma fiye, tunda babu sauran rage matsi ko kaɗan. Ranar da motar take ɗauke da kaya direba zai ji daɗinta ƙwarai, kuma wannan jin daɗin ne ke sa ya yi wa abokansa tallar gyaran. Matsalar tana jiran sa a hanyar dawowa. Na sha jin ana cewa ai motar haya kullum cikin lodi take. Wace motar? Tifa rabin tafiyarta fanko take yi zuwa ɗebo yashi. Tanka fanko take zuwa ɗaukar mai. Mai kai tumatir kudu ba kullum yake samun kayan dawowa ba. Kuma a tafiyar fanko ne direba ya fi sakin gudu, ga gajiya, ga saurin isa gida, sau da yawa da daddare. Sai a haɗa da ruwan farkon damina da ke taso da maiƙo da ƙurar da suka kwanta a kwalta tun rani, ko tsakuwar burji, ko yashin da iskar hunturu ta shimfiɗa a kwana. Akuya ta gitta, ko mai babur ya faɗo titi, ƙafa ta danna birki da dukkan ƙarfinta, domin babu mai tuna dabara a irin wannan lokaci. Motar da ta yi shekara guda ana yabon birkinta a nan za ta juya.

Abu na biyu ya fi ɓoyuwa, kuma shi na fi so masu gyara su kula da shi. A Hilux da Land Cruiser da yawa na wancan zamani fayif uku ne ke shiga bawul ɗin. Ɗaya ya kawo mai daga ɓangaren baya na masta, ɗaya ya fita zuwa tayoyin baya, na ukun kuma ya taso ne daga layin birkin gaba. Tun ƙarshen shekarun 1960 ake raba masta gida biyu, domin idan layi ɗaya ya fashe ɗayan ya tsayar da mota. Fayif na ukun nan ɗan rahoto ne: muddin akwai matsi a gaba bawul yana aikinsa na ragewa, idan kuwa layin gaba ya fashe matsin ya ɓace, sai bawul ya buɗe gaba ɗaya ya bar wa baya cikakken ƙarfi, tunda su kaɗai suka rage. Man gaba da na baya ba sa haɗuwa a cikinsa. To bakaniken da ya cire bawul ya ga bakin fayif uku a hannunsa, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya samo mahaɗi mai baki uku ya ɗaura su wuri guda. Birki zai kama, feda za ta yi tauri, babu alamar komai. Amma daga ranar layi biyun sun zama ɗaya. Tiyo guda ya fashe a kowace taya, ko dutse ya huda fayif, man duka zai zube, tayoyi huɗu su rasa birki lokaci guda. Wani kuma ba zai haɗa ba, sai ya naɗe bakin fayif ɗin ya daddake shi da guduma, ya bar wannan daddakar tana riƙe da matsin birkin gaba.

Ba a ƙasarmu kaɗai ake wannan cirewa ba. A Amurka da Ostareliya masu ɗaga tsofaffin Toyota Pickup da 4Runner da Land Cruiser domin hawan duwatsu sun daɗe suna fama da matsala iri ɗaya da tamu, tunda ɗaga mota da ƙara sifirin sakamakonsu guda ne a wurin bawul. Masu lura a cikinsu hanya biyu suke bi. Ko dai su sa wani ɗan ƙarfe da zai ɗaga mazaunin sandar a kan aksil daidai da tsawon da aka ƙara wa mota, bawul ya koma karanta gaskiya, ko kuma idan sun canza birkin baya gaba ɗaya, misali daga duram zuwa faifai, su maye gurbinsa da bawul mai murɗawa da hannu irin na kamfanin Wilwood, su toshe layin gaba tun daga tushensa da toshiyar da aka yi domin wannan aiki. Hanya ta biyun tana da sharaɗi: bawul na hannu ba ya sanin lodi, inda aka saita shi nan zai tsaya. Ya dace da motar wasa da nauyinta ba ya canzawa sosai. Motar da ke cika da safe ta dawo wayam da yamma, hanyar farko ce tata.

Wani zai ce ai sababbin motoci ba su da wannan bawul, kuma lafiya lau suke tsayawa. Haka ne, amma wani abu ne ya karɓi aikinsa. Mercedes-Benz da Bosch sun fito da ABS na lantarki, wato na'urar hana ƙullewar taya, a 1978, kuma abin lura shi ne lokacin da Ford ta fara sa irin wannan na'ura a a-kori-kurarta ta F-150 a 1987, tayoyin baya kaɗai ta sa wa, domin nan ne ciwon yake. Daga baya aka ƙara tsarin EBD, inda kwamfuta ke kwatanta juyawar tayoyin gaba da na baya ta rage wa baya matsi da zarar sun fara zamewa. Wannan ya fi sandar ƙarfe nesa ba kusa ba, tunda ƙarin sifirin ba ya ruɗa shi. Sai dai yana da nasa darasin gare mu: motar da fitilar ABS ɗinta ke kunne a dashbod, ko aka cire ƙwan fitilar don kada mai saye ya gani, tana iya kasancewa a hali ɗaya da wadda aka cire wa bawul.

A manyan motoci masu birkin iska labarin bai canza ba, nauyin ne kawai ya ƙaru. Tsofaffin DAF da MAN da Mercedes da Iveco da ake shigo da su daga Turai suna zuwa da bawul mai auna lodi na WABCO ko Knorr-Bremse, a jikin kan motar da kuma a jikin tirela, ko dai mai hannu da sanda zuwa aksil, ko mai karanta iskar balan-balan ɗin da motar ke zaune a kai. Tazarar fanko da cika a nan ta fi ta a-kori-kura nesa, aksil ɗin da ke ɗauke da tan biyu ko uku yau gobe yana ɗauke da goma. Idan sandar ta tsinke, abin da aka saba gani shi ne a ɗaga hannun bawul ɗin sama a ɗaure da waya, wanda daidai yake da cire shi. Tayoyin baya na kan mota suka ƙulle, tirela ta turo shi gefe, motar ta naɗe kamar wuƙar aski ta tare hanya duka. Masu kafa hujja da cewa Mack ta Amurka ba ta da irin wannan bawul su sani cewa a can ma sai da aka tilasta sa ABS a kawunan manyan motoci masu jan tirela daga 1997, tireloli kuma daga 1998, kuma har yau ana koya wa direbobinsu cewa babbar mota fanko takan fi mai lodi wuyar tsayarwa. A kuma kula kada a rikita wannan bawul da na rile da ke kusa da shi, wanda aikinsa gaggauta kai iska tukwanen birkin baya. Taɓa wancan jinkirta birki yake yi.

Gyaran gaskiya bai fi cirewa tsada da yawa ba. A fara da lainin baya da duram da silindar taya, a tabbatar suna lafiya kuma an matso da su. A canza man birki duka, a fitar da iska har da ta jikin bawul. A wanke mahaɗin sanda a sa masa giris, a motsa ta da hannu a ga fistan yana amsawa. Idan bawul ɗin ya mutu, a nemi wani a Ƙofar Ruwa ko Panteka, sabo ko na Beljiyom mai kyau. Idan an ƙara sifirin, mai walda ya ɗaga mazaunin sandar, sannan a saita. Yadda kamfani ya tsara saitin shi ne a sa geji biyu na auna matsin mai, ɗaya a gaba ɗaya a baya, a ɗora wa aksil nauyin da littafi ya faɗa, a kwatanta matsin biyu. Garejin da ba shi da geji yana iya fita fili mai ƙasa inda babu mutane, mota fanko, gudu bai wuce kilomita 30 ba, mutum ya tsaya can gefe yana kallo a riƙa ƙara ƙarfin taka birki sannu a hankali har a ga tayar da ta fara tsayawa. In ta baya ce, saiti bai yi ba. Sai a sake gwadawa da lodi.

Shi kuwa mai sayen tsohuwar a-kori-kura, kafin ya tsaya sauraron ƙarar inji ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashinta ta baya. In ya ga sanda tana lilo ba ta kama komai ba, ko ramukan noti a shasi babu abin da suke riƙe da shi, an cire. Daga nan sai ya bi fayif ɗin da ya taso daga gaba da yatsa, ya ga ko an toshe shi yadda ya kamata ko kuwa an haɗe shi da na baya.